Katin da Timo Ya Aiko wa Baba

Thunder Bay,
17 ga Nuwamba.

Zuwa ga ƙanena Timo,

Gaisuwa mai tarin yawa, da kewa, da fatan alheri, daga hannun yayarka Anneli. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bronwyn da yara, kamar yadda ta bar mu a nan. Allah ya tsare ka a wurin aiki, ya kiyaye ka daga sharrin ramin haƙar ma'adinai da na inji, ya sa zafin da kuke shiga yanzu a Kalgoorlie ya zo muku da sauƙi. Mu nan sanyi ne ya soma buɗe ido. Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka makon jiya, ba ta yi kwana biyu ba ta narke, amma ta bar mana sallahu cewa tana nan tafe. Maigidana Darcy tuni ya ɗaura wa motarsa garmar share hanya, yana ta cika baki wai bana ba za a riske shi da shiri rabi ba. 'Yarmu Noora tana Sudbury, ta ce jarrabawa ba za ta bar ta ta leƙo gida ba sai Kirsimeti. Goggo Sirkka an yi mata aikin gwiwa, ta tashi lafiya, har ta soma zagaya gida da sanda tana yi wa kowa faɗa, abin da ya tabbatar mana sauƙi ya samu. Ni kuma ina nan ina jan motar 'yan makaranta safe da yamma, kunnuwana sun saba da ihu har shiru ya zama yana damuna.

Bayan haka, abin da ya sa na zauna na ɗauki biro maimakon in aiko maka da saƙo ta waya shi ne maganar tana da tsawo, kuma duk lokacin da ka kira kana sauri, Baba kuma yana kusa yana jin kowace kalma. Katin hoton da ka aiko masa na ranar haihuwa, na'urar nan da ke zana hoto a allon kwamfuta, ya iso lafiya tun farkon watan nan. Yana cikin kwamfuta yanzu, yana aiki. Amma kafin a kai ga haka an sha ruwa, kuma akwai abin da ya kamata ka sani.

Ka san tun watan Afrilu likita ya ƙi sabunta wa Baba takardar lafiya ta tuƙin jirgi saboda zuciyarsa. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda abin ya karya shi, don in ka tambaye shi a waya sai ya ce lafiya lau, ni kuma ban so in ɗora maka abin da ba za ka iya yi wa komai ba daga can. Mutumin da ya yi shekara arba'in da uku yana tashi daga kan ruwa yana sauka a kan ruwa, yana kai masu kamun kifi da wasiƙu da marasa lafiya tafkunan arewa, rana ɗaya aka ce ya zauna. Ya sayar da kasonsa na jirgin. Ya daina zuwa shan gahawa da abokansa da safe. Ɗakin wankan tururi da bai taɓa barin Asabar ta wuce bai hura masa wuta ba, duk bazarar nan bai ko buɗe ƙofarsa ba. Sai dai ya ja kujera bakin tagar falo ya zauna, in ya ji ƙarar jirgi ya ɗaga kai, ya faɗi wane iri ne da kuma wanda ke tuƙa shi. Nakan biya da rana tsakanin aikin safe da na yamma in tarar abincin da na bar masa jiya yana nan da marfinsa.

Lloyd ne, tsohon makanikensa, ya tsamo shi. A watan Agusta ya zo ya ɗauke shi kusan da ƙarfi ya kai shi gidansa, ya zaunar da shi gaban kwamfuta mai manhajar nan ta tuƙin jirgi. Baba ya dawo yana tsaki, ya ce wasan yara ne, wai dattijo kamar Lloyd bai ji kunya ba. Washegari da safe sai ga shi ya kira ni yana tambaya ko kwamfutar da ka haɗa lokacin jinyar Mama tana aiki har yanzu. Darcy ya ɗauko ta daga ɗakin ƙasa ya ajiye a ɗakin ɗinkin Mama, Lloyd ya kawo tsohon sitiyarin jirgi da matakan ƙafa na roba. Ta tashi kam, amma hoton yana tafiya yana tsayawa kamar tsohuwa na hawa bene, bakin tafki kuma ya dame kamar kunu. Wannan ne na faɗa maka a waya, kai kuma ka aiko da katin.

Na tuna ranar da ya iso. Baba ya buɗe kwalin a kan teburin cin abinci, ya ciro abu mai girman burodi da fankoki uku a jikinsa, ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya juya shi, ya karanta 'yar takardarka sau biyu. Ka rubuta cewa a cire tsohon kati a sa sabon, shi ke nan, akwatin wutar da ke ciki ya isa. Ni kuwa a ranar ban ma san akwai wani abu wai shi akwatin wuta ba. Sai da Darcy ya buɗe gefen kwamfutar ya nuna mini shi can ƙasa daga baya, inda wayar bango take shiga, ya ce shi ne yake karɓar wuta ya raba wa kowane sashe gwargwadon cinsa. A jikinsa an rubuta wat ɗari biyar da manyan baƙi, wat ɗin shi ne ma'aunin ƙarfin wuta. Ka san halina na karanta duk abin da aka rubuta a jikin kwali, ko na garin fulawa ne. A bayan kwalin katin an ce a haɗa shi da akwati mai wat ɗari bakwai da hamsin. Na nuna wa Darcy. Ya yi dariya ya ce ai haka kamfanoni suke, sukan zuzuta ne don a ƙara sayen kaya, kuma ko a jikin kwalbar madara akan rubuta ranar lalacewa amma shi yakan sha bayan mako bai taɓa mutuwa ba. Ya ce tunda wanda ya haɗa kwamfutar da hannunsa ya ce ya isa, to wace ce direbar 'yan makaranta da za ta ce a'a. Sai kuma muka lura katin yana da baki biyu na shigar wuta, kowanne mai rami takwas, alhali waya ɗaya tak irin wannan ce ta fito daga akwatin. Darcy ya ce wannan ma ba komai ba ne, wani abokin aikinsa yana da 'yar wayar haɗi da ke ɗibar wuta daga wasu wayoyin ta mayar da su baki mai rami takwas.

Hankalina bai kwanta ba. Washegari na ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin akwatin da na kwalin, na kai wa Madam Tran, mai shagon gyaran kwamfuta da ke maƙwabtaka da wurin wankin kaya. Ba ka san ta ba, bayan tafiyarka ta buɗe. Mace ce 'yar ƙarama mai furfura, tana magana tana aiki, ba ta ɗaga kai. Ta kalli hotunan ta ce kwamfutar za ta tashi, za ta yi kamar komai lafiya, har sai an nemi katin ya yi aiki da gaske, a nan ne za a ji. Game da 'yar wayar haɗin kuwa, ta jawo wani aljihun tebur ta nuna mini guda biyar ko shida da suka narke suka yi baƙi, ta ce tana tara su ne don mazan da matansu ke turowa tambaya. Ta ce shawararta ita ce a canza akwatin kafin a taɓa katin.

A nan ne na yi nawa laifin, kuma gara in faɗa maka da bakina. Na dawo gida na yi gum. Ka san tsakaninka da Baba. Tun ranar da ya yi maka tsawa a gaban mutane a bakin tafki kana ɗan shekara goma sha tara, ya ce ba za ka taɓa zama matuƙi ba saboda sauka ɗaya da ka yi ba daidai ba, ka ajiye masa mabuɗi ka tafi, magana a tsakaninku ba ta wuce ta yanayin gari. Wannan katin shi ne abu na farko a shekaru masu yawa da ka ba shi ya karɓa da hannu biyu. Na ji tsoron in na ce kyautar ba ta cika ba, zai ce ai daman aikin Timo ke nan. Sai na ce a raina wataƙila Madam Tran ma ciniki take nema, wataƙila Darcy ne da gaskiya. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ranar Asabar Darcy ya sa katin, ya ɗaura 'yar wayar haɗinsa, ya danna. Kwamfuta ta tashi, fankoki suka juya, hoto ya fito tas kamar an wanke gilashi. Darcy ya riƙa kallona yana murmushi, yana tambaya ko in kira masa hukumar kashe gobara ne ko kuwa a bari tukuna. Baba ya leƙa nan ya leƙa can, ya ga jirginsa a kan allo yana lilo a kan ruwa, amma ya ƙi tashi da shi. Ya ce sai gobe, sai Lloyd da Sirkka sun zo.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci muka cika ɗakin ɗinki. Goggo ta kawo burodinta mai zaƙi, na dafa gahawa, aka ba ta kujera mai laushi ta miƙe ƙafa. Baba ya fito da tsohuwar hularsa ta aiki, wadda na ɗauka ya jefar tun bazara. Goggo ta ce masa da ya sa rigar ruwa ma, ko zai faɗa cikin kofinta. Bai kula ta ba. Ya zauna, ya bi abubuwan dubawa ɗaya bayan ɗaya yana faɗa a bakinsa yadda yakan yi, ya juya hancin jirgi ya fuskanci iska, ya tura inji har ƙarshe. Wallahi, Timo, abin ya yi kyau. Ruwa yana fallatsa ta gefe, gaɓa tana gudu, na ji fankokin katin sun ɗauki ƙara. Jirgi ya rabu da ruwa, itatuwan tsallake suka taso gabanmu. Sai muka ji ƙit. Allo ya yi baƙi ƙirin, fankoki suka tsaya, ɗakin ya yi tsit.

Ba mutuwar kwamfutar ce ta tsorata ni ba. Baba ne. A daidai lokacin da allon ya ɗauke, sai ya tura sitiyari gaba da ƙarfi har ya bugi tebur, ya riƙe shi a nan, fuskarsa ta yi fari fat. Na kira sunansa sau biyu bai amsa ba. Na riga na ciro waya zan kira motar asibiti, Goggo ta soma salati irin nata tana kiran sunan Ubangiji. Sai ya saki sitiyarin a hankali, ya ce in ajiye wayar, ba zuciya ba ce, a ba shi ruwa kawai. Lloyd ne ya soma jin wari. Ya zare wayar bango, ya sa hannu cikin kwamfutar, ya janye da sauri yana yarfe yatsu. 'Yar wayar haɗin Darcy ta yi zafi, robar bakinta ta soma canza launi.

Nan na faɗi gaskiya a gaban kowa. Na ce na je wurin Madam Tran, ga abin da ta gaya mini, ga kuma dalilin da ya sa na yi shiru. Na ɗauka Baba zai yi faɗa. Ya dube ni ya tambaya, wato na san kaya sun fi ƙarfin jirgi amma na bar shi ya tashi? Na ce e. Ya gyaɗa kai, ya sha ruwansa, sai ya ba mu wani labari da ni da kai ba mu taɓa ji ba, Mama ma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ji shi ba.

Ya ce wata bazara, ina aji uku kai kana rarrafe, ya je ɗauko wasu masunta uku daga wani ɗan gajeren tafki. Suna da kayansu, da injin kwalekwale, da kifin mako guda cikin ƙanƙara. Ya yi lissafi a takarda, nauyin ya tsaya daidai kan iyakar abin da jirgin yake ɗauka, ba ragi ba ƙari. Ranar ana zafi, iska ta kwanta, kuma injin ya kwana biyu. Zuciyarsa ta ce ya yi sawu biyu, mutanen suka ce suna sauri, takarda kuma ta ce zai ɗauka. Ya tashi. Jirgi ya cinye tafkin kaf kafin ya rabu da ruwa, ya ƙi hawa, ƙafarsa ɗaya ta fille kan wata bishiya a tsallake. Ya samu ya lallaɓa ya sauka a tafki na gaba da reshe maƙale a ƙarƙashinsa da mutum uku a bayansa suna kuka. Ya ce tun daga ranar ya gane cewa takarda takan ce zai ɗauka, amma takarda ba ta hawa jirgi. Bai sake tashi a kan iyaka ba, ko wa zai yi fushi ya yi. Lloyd ya ce ƙwarai an yi haka, shi ya gyara ƙafar a ɓoye, kuma reshen yana nan rataye a garejinsa, duk ran da Baba ya yi masa rashin kunya zai kai wa jarida. Aka yi 'yar dariya. Darcy dai ya cire 'yar wayarsa ya sa a aljihu, ya ce shi daga yau ya koma kan garmarsa, kowa ya tsaya a gonarsa. Na yaba masa, don ka san ba abu ne mai sauƙi ba a wurinsa.

Litinin da na gama aikin safe na biya, na tarar da Baba tsaye a bakin ƙofa. Ya yi aski, ya sa riga mai maɓalli, ga takarda da fensir a hannu. Ya ce in kai shi wurin matar nan. Tun Afrilu wannan ce fitarsa ta farko da shi ya nema da kansa. A mota ya nuna mini abin da ya rubuta, ya jera kamar yadda yakan jera kayan jirgi: katin yana cin wat kusan ɗari uku, ƙwaƙwalwar kwamfutar ɗari da ashirin da biyar, sauran tarkace wajen sittin. Ya ce ga shi nan, ɗari huɗu da tamanin da biyar a kan akwati mai ɗari biyar, masunta uku da kifinsu ke nan.

Madam Tran ta karɓi takardar, a karon farko na ga ta ajiye abin da take yi. Ta ce lissafinsa daidai ne, amma abin ya fi haka muni. Ta nuna masa ƙananan rubutun da ke ƙasan manyan baƙin, ta ce ɗari biyar ɗin jimla ce, layin da katin da ƙwaƙwalwar suke sha daga gare shi bai wuce ɗari huɗu da talatin ba, shi ma a ranar da akwatin yake sabo, yau kuwa shekararsa shida. Ta ƙara da cewa irin waɗannan katunan ba sa cin wuta a jere, sukan yi wawura cikin ƙiftawar ido, su zarce abin da aka rubuta nesa ba kusa ba, shi ya sa ya ɗauke daidai lokacin tashi. Baba ya ce kamar iska ce mai bugowa ba sallama. Ta ce ita ba ta san iska ba, amma in haka ne to haka ne. Suka yi kusan awa guda. Ya tambaye ta me ya sa Lloyd bai canza nasa ba da ya sa sabon kati. Ta ce ita ta sa wa Lloyd, nasa ƙarami ne, ko wayar ƙari ba ya buƙata, ba kowane kati ne ke neman sabon akwati ba, aunawa ake yi. Sai Baba ya ce to a ba shi mai wat dubu. Ta ƙi. Ta ce ba za ta sa wa kwalekwale injin tirela ba, mai ɗari bakwai da hamsin mai kyau zai bar masa sarari har da ragi, kuma yana da wayoyi biyu masu rami takwas, kowane baki da tasa. Ta ce da duk masu shigowa shagonta irinsa ne, da tuni ta rufe ta koma sayar da miya, don ba abin da zai ƙone. Ta ce ta zo gida ta sa masa, ya ce ya gode, hannunsa bai mutu ba. Sai ta kafa masa sharaɗi biyu: kada ya haɗa tsofaffin wayoyi da sabon akwati ko da bakinsu ya shiga, kuma kada ƙwaƙwa ta sa shi ya buɗe cikin tsohon akwatin, don yakan riƙe wuta ko an zare shi daga bango.

Yini biyu ya yi yana aikin, ni ina riƙe masa tocila in na dawo da rana. Ya shimfiɗa tawul a kan teburin ɗinki, ya ɗauko kwalin ƙwai yana jera sukurori rami-rami. Don a cire tsohon akwatin dole a buɗe ɗaya gefen kwamfutar, na baya, wanda Darcy bai taɓa ba, kuma ina jin ba wanda ya buɗe shi tun ranar da ka rufe. Da marfin ya fita sai Baba ya tsaya. Wayoyinka ne, Timo. Kowace ta bi hanyarta a kwance, ba wadda ta hau kan wata, an ɗaure su tazara-tazara, kuma kowace da 'yar takarda manne da rubutun hannunka, wannan ta ina ce, waccan ta ina ce. A wurin da ba wanda zai gani. Ya gyara tabarau ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce haka ake son wayoyin jirgi, kuma Lloyd a shekara arba'in bai taɓa yin mai tsabtar wannan ba, kada in gaya masa.

Bai yanke ɗaurinka ko ɗaya ba. Kwancewa ya riƙa yi da ɗan tsinke, ya bi da sababbin wayoyin ta hanyar da ka bi, ya rubuta musu sababbin takardu da nasa hannun. Yana yi yana magana, rabi da ni rabi da kwamfutar. Ya ce akwatin da ka zaɓa a wancan lokacin daidai ne da kayan da ka ɗora masa, kuma mai kyau ne, don da na banza ne da ba zai kashe kansa ba, ƙonewa zai yi ya tafi da katin. Ya ce kuskurenka ɗaya ne, ka yanke hukunci daga wancan gefen duniya a kan kayan da ba ka auna ba. Sai ya ɗaure wani sukuru, sannan ya ce shi kuwa a kusa yake da ya yanke nasa a kanka a bakin tafki, kuma shi ma bai auna ba. Na riƙe tocilata.

Ranar Laraba da rana ya gama. Bai tashi nan take ba. Ya bar jirgin a kan ruwa inji yana gudu kusan awa guda, yana sa hannu a bayan fankar akwatin yana jin iskar, yana shinshinawa. Sannan ya ce in ja kujerar ɗinki in zauna, fasinja yake so. Muka tashi, muka wuce itatuwan da sarari mai yawa, ya juya arewa. Ya kai ni har tafkin da muke zuwa hutu muna yara, ya nuna mini tsibirin da ka taɓa ɓatar da takalminka, ya sauka kusa da shi ruwa ko motsi bai yi ba. Ni dai jiri ya kama ni kamar da, sai da na fita na sha iska. Ƙorafinsa ɗaya, wai babu warin mai, kuma gajimaren sun cika ladabi.

Ba zan ce maka ya warke ba. Akwai ranakun da har yanzu nakan tarar da shi a bakin taga. Amma ya koma shan gahawa da su Lloyd sau biyu a makon nan, ya hura wutar ɗakin tururi ranar Asabar, kuma ya maida shagon Madam Tran wurin zuwa, har ta gaji ta ba shi wasu tsofaffin kwamfutoci na gidan tsofaffi yana share musu ƙura yana lissafa musu wuta. Yana cin abinci. Za mu koma wurin likitan zuciya ranar tara ga wata mai zuwa, duk abin da aka ce zan sanar da kai.

To ka ji yadda aka yi. Akwatin bai isa ba, an canza shi, katinka lafiyarsa lau. Abin da nake roƙonka shi ne ka kira shi ranar Lahadi da safenmu, kafin mu tafi coci, kuma kada ka yi sauri. Ba zai faɗa maka abin da ya faɗa mini ba, ka san shi. Zancen wat da wayoyi zai yi ta yi maka. Ka bar shi ya yi, ka saurara, in ya ce ka yi kuskure ka ce e. Zumunta a ƙafa take, in ƙafa ba ta kai ba sai a yi da kunne.

Ka gaishe mini da Bronwyn da kyau, ka ce mata zumar da ta aiko ta ƙare tun tuni, Darcy ne ya shanye. Ka gai da Isla, ina taya ta murnar gasar ninkaya, ka sumbaci Callum ka ce masa ina jiran hoton haƙorin da ya faɗi. Ka gai da surukanka. Darcy yana gaishe ka, ya ce ku biyu kuka yi kuskuren amma shi kaɗai ya sha kunya, don haka kana da bashin godiya a bakinka. Noora tana gaisuwa. Goggo Sirkka ta ce ka aiko hoton da aka ga fuskarka ba hular aiki ba. Lloyd ma yana gaishe ka.

Baba kuwa ya shigo ina cikin rubutun nan, ya tambaya ko kai nake rubuta wa. Na ce e, ko yana da saƙo. Ya ce in gaya maka ya ga aikinka, aiki ne mai tsabta. Ya kai bakin ƙofa ya juyo, ya ce in ƙara da cewa duk ran da ka zo gida kai za ka zauna a kujerar tuƙi, shi zai zauna a gefe, kuma ba zai ce uffan ba. Na farkon na yarda. Na biyun sai mun gani.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Anneli